Martani: Ba a Yi wa Fim Shari'a a Bayan Idonsa

Malam, na karanta maƙalarka da ta fito a wannan mujalla a kan finafinan gwaji na Birtaniya da mutanen da ke sayen su a faifai. Sau biyu na karanta ta, na farko da zafin rai, na biyu bayan na huce, don kada in amsa maka abin da ba ka faɗa ba. Ka ce waɗannan finafinai ba su da labari, saboda haka ba su cancanci sunan fim ba, kuma masu yabon su burga kawai suke yi don a ce sun fi kowa ganewa. Ka ce gardamar da suke yi a kan launi da tsabtar hoto aikin marasa abin yi ne. Ka rufe da cewa zamanin faifai ya wuce, intanet ta gama da shi, kuɗin da ake zubawa wajen gyara tsofaffin finafinan da ba wanda ya kalla tun farko asara ce tsagwaronta.

Zan fara da inda muka haɗu, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gaskiya ne akwai finafinan gwaji da babu komai a cikinsu sai ɓata lokaci. Gwaji sunansa gwaji, wani ya yi kyau, wani ya lalace. Gaskiya ne kuma wasunsu na ɗauke da abubuwan da suka saɓa wa tarbiyyarmu, ni kaina ba zan kunna su a falona ba, ba kuma zan tura ɗalibi ya neme su ba. Na yarda a cikin masoya fim akwai masu jera faifai a kanta don baƙo ya gani, ko ledar ba su ɓare ba. Duk wannan bai ba ka damar yi wa kowa kuɗin goro ba. Abin da ya fi damuna shi ne ka yanke hukunci a kan aikin da aka shafe kusan shekara 90 ana yi, ba tare da ka ambaci fim ko ɗaya da ka zauna ka kalla daga farko har ƙarshe ba. Kotun da ta san kanta ba ta yi wa mutum shari'a a bayan idonsa.

Mu ɗauki maganar labari. A 1972 Bill Douglas, ɗan wani ƙauyen masu haƙar kwal mai suna Newcraighall a gefen Edinburgh, ya fitar da My Childhood da ɗan tallafin da ya samu daga Cibiyar Finafinai ta Birtaniya, wato BFI. Fim ne baƙi da fari, bai cika awa ɗaya ba, a kan ƙuruciyarsa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai wani wuri a cikinsa da ba ya fita daga raina. Ɗaki ne mai sanyi, babu kayan kirki, tsohuwa na zaune a kujera ta yi jugum. Jikanta Jamie ya ɗauko kofi, ya zubar da matattun furannin da ke ciki, ya tsiyaya tafasasshen ruwa har ya cika ya malala a kan tebur. Sai kuma ya zubar da ruwan. Kana cikin tunanin me yaron nan yake nufi, sai ya sa kofin da ya ɗauki zafi a tafin hannun kakarsa, ya rufe hannuwanta da nasa don ta ji ɗumi. Babu wanda ya ce uffan. Babu kiɗan da zai nuna maka ga inda za ka zubar da hawaye. Amma cikin wannan ɗan lokaci ka san gidan nan talauci ya yi masa katutu, ka san babu uwa a ciki, ka kuma san akwai ƙauna.

Duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da kakarsa cikin hunturu, ya ga yadda ake matso mata da kaskon wuta, ba ya buƙatar tafinta a nan. In wannan ba labari ba ne, mene ne labari? Abin da Douglas ya ƙi yi kawai shi ne ya tauna ya sa maka a baki. Fim ɗin ya ci kyauta a bikin finafinai na Venice a wannan shekarar, ya bi bayansa da My Ain Folk a 1973 da My Way Home a 1978, ya rasu a 1991. Ni ban ga aikinsa a silima ba, da silima zan jira da har yau ina jira. A faifan da BFI ta fitar a 2008 na gan shi, wani ɗan'uwa ne ya kawo mini tsaraba daga Landan.

Wani fim ɗin kuma hankali yake koya maka. The Girl Chewing Gum, wanda John Smith ya yi a 1976, minti 12 ne kacal. Kyamara na kallon wata mahadar titi a unguwar Dalston da ke gabashin Landan, jama'a na kai-kawo. Sai ka ji murya irin ta darakta tana ba da umarni, wannan dattijo ya tsallaka, waccan mota ta wuce, yarinyar nan ta shigo, kuma duk abin da ta faɗa sai ya faru. Ka fara yarda cewa shiri ne, sai ka ji tana umartar tattabaru su tashi, tana umartar hannun agogo ya juya. A nan za ka farga: hoton aka fara ɗauka, mutanen harkar gabansu suke yi, daga baya aka ɗora murya. Can gaba muryar ta shaida maka ita ma ba a wurin take ba, tana wani fili can nesa da gari. A wannan zamani da ake turo mana guntun bidiyo a waya, da murya a kai tana cewa ga abin da ya faru a gari kaza, jama'a su hau kai su zauna har a kai ga tashin hankali, ban san darasin da ya fi wannan amfani ba.

Hujjarka mafi ƙarfi ita ce 'yan kallo sun riga sun yanke hukunci, da finafinan na da kyau da an kalle su tun a lokacinsu. To amma wa ya ba 'yan kallon damar gani? A 1965 Peter Watkins ya shirya wa BBC The War Game, inda ya nuna abin da zai faru a yankin Kent in aka jefa makamin nukiliya. Ya yi shi da salon rahoton labarai, da mutanen gari maimakon ƙwararrun 'yan wasa. BBC da ta biya kuɗin aikin ita ce ta ƙi sa shi a talabijin, ta ce ya yi tsanani. Ya ci Oscar a 1967, amma sai a 1985 aka nuna shi a talabijin ɗin ƙasarsa, bayan shekara 20. Jane Arden ta yi The Other Side of the Underneath a 1972, a kan mata da taɓin hankali, kuma shi ake lissafawa a matsayin dogon fim ɗaya tilo da mace ta ba da umarni ita kaɗai a Birtaniya a duk shekarun 1970. Bayan rasuwarta a 1982 ya ɓace, shi da sauran biyun da suka yi da Jack Bond, har sai 2009 da BFI ta gyara su ta fitar. Sally Potter ta yi The Gold Diggers a 1983 da ma'aikata mata zalla, Julie Christie na cikin taurarinsa. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, aka daina jin ɗuriyarsa, shi ma sai a 2009 ya dawo a faifai. Mutanen da ka ce sun ƙi waɗannan finafinai, mafi yawansu ba su ma san an yi su ba.

Ko hukuncin masana na farko ba wahayi ba ne. John Akomfrah, haifaffen Akra a ƙasar Gana, shi da abokansa na ƙungiyar Black Audio Film Collective sun yi Handsworth Songs a 1986, bayan tarzomar da ta ɓarke a unguwar Handsworth ta Birmingham a 1985. Ba su bi salon jarida na wa ya fara jifa, shago nawa aka ƙona ba. Sun saƙa hoton tarzomar da tsofaffin hotunan baƙaƙen fata da 'yan Asiya lokacin da suke sauka daga jirgin ruwa cike da buri, don mai kallo ya ga tazarar da ke tsakanin alkawari da cikawa. Wani fitaccen marubuci ya soke shi a jaridar Guardian, masani Stuart Hall ya mayar masa da martani. Fim ɗin ya ci kyautar Grierson a 1987, kuma a 2024 Akomfrah ne ya wakilci Birtaniya a babban baje kolin fasaha na Venice. Da maganar mai suka na farko ce ƙarshe, da an binne shi da rai.

Wannan shi ne muhimmancin faifai a wurina. Silima kotun farko ce, zamanta gajere ne, mako ɗaya ko biyu ta tashi, sau da yawa ma ba ta saurari shaidu ba. Faifai shi ne kotun ɗaukaka ƙara. Shi ke ajiye hujja har ranar da wani alƙali zai zo, ko da bayan shekara 30 ne, ko da a wata nahiya yake. Jerin faifan Flipside da BFI ta fara a 2009 wannan ne aikinsa kacokan: tono finafinan Birtaniya da suka faɗa rami, irin su Herostratus na Don Levy na 1967 da The Bed Sitting Room na Richard Lester na 1969, a wanke su, a haɗa su da ɗan littafin bayani da hirarraki, a miƙa wa jama'a su sake dubawa. Wasu in an duba za a ga lalle ba su da kyau, kuma wannan ma hukunci ne. Bambancinsa da naka shi ne an yi shi da ido.

Yanzu ga masoya fim da ka kira marasa abin yi. Lalle suna da tsanani. Faifai na fitowa za su kwatanta shi da na baya hoto bayan hoto, su ce an datse gefen hoto don ya cika allon talabijin, ko launi ya karkata, ko an goge tsakin hoto har fuskokin mutane sun koma kamar na roba. Kai kana ganin ƙananan abubuwa ne. Ka duba Blue, fim na ƙarshe da Derek Jarman ya fitar a 1993, lokacin da ciwo ke cinye masa gani. Minti 79 babu komai a allo sai shuɗin launi guda ɗaya, sauran duk murya ce da sauti. Tashar Channel 4 da gidan rediyon BBC na uku sun watsa shi lokaci guda a watan Satumba na shekarar, ya rasu a Fabrairun 1994. Fim ɗin da launi ɗaya ne duk hotonsa, in aka kuskure wannan launi a faifai, me ya rage? Haka The Last of England da ya yi a 1987, da ƙaramar kyamarar Super 8 ya ɗauke shi, tsakin hoton da dushi-dushinsa da gangan ne. Wanda ya goge su don hoto ya yi sumul tamkar wanda aka ba riga 'yar saƙi ya yi mata guga ne, ya ga saƙar ba ta yi santsi ba ya kankare ta.

Akwai ma abin da ido ba ya kamawa sai kunne. Ana ɗaukar fim hoto 24 a daƙiƙa, tsarin talabijin na Turai kuwa 25 ne, shi ya sa faifan DVD da yawa na can suke gudu fiye da asali da kusan kashi 4 cikin ɗari, murya ta ɗan yi sama, kiɗa ya ɗan sauya. A fim ɗin faɗa da gudun mota ba za ka damu ba. A fim irin London na Patrick Keiller na 1994, inda kyamara ke tsaye cak tana kallon gada ko bakin titi, muryar Paul Scofield na tafiya a hankali, saurin tafiyar shi ne rabin aikin. Mu da muka san yadda malami ke tsayar da almajiri a kan wasali ɗaya, da yadda ake bin kwafin littafi da aka rubuta da hannu ana gwada shi da asali, bai kamata mu raina mai tsayawa a kan daidai ba. Wanda ya yi fim sau da yawa ya rasu, ba zai iya kare aikinsa ba. Waɗannan masu ƙorafi su ne suka riƙe masa amana, kuma tsoron bakinsu na cikin abin da ke sa kamfani ya koma ga nagetif na asali maimakon ya kwafo daga tsohon kaset.

Ka ce intanet ta wadatar. Ni ma ina kallo a intanet, kuma ina godiya da sauƙin da ta kawo. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ke manhajar kallo haya kake yi, ranar da yarjejeniyar kamfani ta ƙare za ka wayi gari babu shi, ba wanda zai yi maka sallama. FilmStruck, manhajar da masoya tsofaffin finafinai suka fi ji da ita, an rufe ta a Nuwamban 2018. Manhajar BFI kanta ba ta buɗuwa ga mai zama a Kano ko Zinder. Faifan Blu-ray na Birtaniya kuwa rukuninsa ɗaya da na Afirka, in ya shigo hannunka ya zama naka, ba ya neman data, ba ya neman kuɗin wata, kana iya ara wa maƙwabci, kana iya bar wa ɗanka. Kuma kwafin da ya watsu a hannun mutane shi ke tsira. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge kaset-kaset ɗinta don ta sake amfani da su, ta yi asarar shirye-shirye masu yawa. A 2013 aka sanar da gano kashi tara na shirin Doctor Who da aka ɗauka sun ɓace har abada. A ina aka same su? A ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, cikin gwangwanayen da aka aiko tun zamanin da ake sayar wa ƙasashe kwafi. Abin da uwar gida ta zubar, a gidan maƙwabta aka tsinto shi.

Ban musa maka cewa kasuwar faifai ta ja baya ba. Kamfanin Network, wanda ya shafe shekaru yana fitar da tsofaffin finafinai da shirye-shiryen talabijin na Birtaniya, ya durƙushe a 2023. Amma wannan dalilin tallafa wa sauran ne. Zaren fim yana ruɓewa, tsohon ma yana kama wuta, shi ya sa BFI ke ajiye na asali a ma'ajiyarta ta Gaydon cikin sanyin digiri 5 ƙasa da sifiri. Ajiya kaɗai ba ta isa ba, domin fim ɗin da ke kulle a sito da wanda ya ɓace duk ɗaya ne a wurin mai kallo. Sai an fito da shi an gyara, gyara kuma kuɗi ne, kuma mutanen nan da kake yi wa dariya, masu tara kuɗi su sayi faifai ɗaya mai tsada, suna cikin masu ɗaukar wannan nauyi.

Batun cewa kuɗin da aka kashe a gwaji asara ce, ka tuna manomi ba ya cinye iri. A 1935 Len Lye ya yi A Colour Box ba tare da kyamara ba, ya zana launuka kai tsaye a jikin zaren fim suna rawa da kiɗa, kuma hukumar gidan waya ce ta ɗauki nauyinsa a matsayin talla. Duk wanda ke kallon bidiyon waƙa a yau yana cin gajiyar irin wannan ƙarfin hali. Peter Greenaway ya fara ne da gajerun finafinai masu wuyar sha'ani kafin The Draughtsman's Contract na 1982 ya fito da shi duniya. A 2019 ma, Mark Jenkin ya fitar da Bait, labarin masunta a Cornwall da baƙi masu kuɗi suka saye musu gidaje. Da tsohuwar kyamarar Bolex mai wani da hannu ya ɗauke shi, ya wanke zaren da kansa, ya ɗora sauti daga baya, hoton duk zane-zane da tabo. Jama'a suka je kallo, ya ci kyautar BAFTA a 2020. Mai irin wannan aiki ba daga sama yake faɗowa ba, sai ya ga na magabata, kuma da na gaba ake gane zurfin ruwa.

Mu Hausawa mu ne ya fi kamata mu fahimci wannan. Masana'antarmu a kaset aka haife ta, tun Turmin Danya a 1990. Yau finafinai nawa na shekarun farko za ka iya samu da hoto mai kyau? Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace, sai da aka gano zarensa, aka gyara shi da haɗin gwiwar wata cibiya a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Da muna da masoya fim masu naci irin waɗanda ka zaga, masu tambayar ina asalin kaza, wa ke riƙe da shi, me ya sa aka yanke wuri kaza, da ba mu yi asarar da muka yi ba. Abin koyi ne ka mayar abin dariya.

Saboda haka, Malam, ba na neman ka so waɗannan finafinai. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da nake nema shi ne ka kira wanda ake ƙara ya tsaya a gabanka kafin ka buga guduma. Faifan Bill Douglas na nan a wurina, ƙofata a buɗe take, kallon ba zai ci maka awa ɗaya ba. Ka zo mu zauna bayan la'asar, mu kashe waya. In ka ga yaron nan ya sa kofi a hannun kakarsa, ka tashi ka ce mini wannan ba fim ba ne, zan karɓi hukuncinka hannu biyu, domin a ranar ka yanke shi ne bayan ka gani da idonka.